Lissafin da Muke Tsoro a Aji, a Kasuwa aka Haife Shi

Yau zancen namu na ɗaliban harkar kuɗi ne, musamman waɗanda gabansu ke faɗuwa da zarar an ce lokacin darasin lissafi ya yi.

Ina aji ɗaya a jami'a wani abokina ya zuba kuɗin makarantarsa a wani tsari da ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Kafin ƙarshen zango tsarin ya rufe, kuɗin suka bi ruwa. A zangon nan ake koya mana yadda kuɗi ke ninkuwa, amma ko sau ɗaya ba mu haɗa abin da ke kan allo da abin da ke aljihunmu ba. Mun ɗauka lissafi azaba ce kawai ta cin jarrabawa. Daga baya, da na bi tarihinsa, sai na ga 'yan kasuwa da masu rabon gado ne suka raine shi.

Mu fara daga Bagadaza, wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. A nan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa kan aljabaru da muƙabala, inda sunan aljabara ya samo asali. Babban ɓangare na littafin magana ce ta rabon gado da wasiyya. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya, ya yi wasiyya, ana bin wani magajin bashi: nawa kowa zai samu? Wannan adadin da ba a sani ba, shi ne x ɗin da ke hana mu barci.

Daga nan sai Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau. Wani yaro ɗan garin Pisa na Italiya, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya bi mahaifinsa da ke wa fataken garinsu aiki a can, ya koyi lambobin Indiya da Larabawa ke amfani da su. A 1202 ya fitar da Liber Abaci, cike da misalan canjin kuɗi da raba riba tsakanin abokan ciniki. Ku gwada ninka lambobin Rumawa irin su XLVII, za ku gane alherin da ya yi wa fataken Turai.

A 1494 kuma, a birnin Venis, Luca Pacioli ya buga littafin da ya bayyana tsarin da akantoci ke bi har gobe: kowane ciniki a rubuta shi sau biyu, inda dukiya ta fito da inda ta shiga. A cikinsa akwai ƙa'idar 72. Raba 72 da kason ƙaruwa, sai ka san kusan tsawon lokacin da abu zai ninka. Kashi 6 a shekara, shekara 12 ke nan.

Na ƙarshe shi ne Jacob Bernoulli na garin Basel a Suwizalan. A 1683 ya yi wata tambaya. Naira ɗaya, mu ce, a kan ruwa kashi 100 a shekara, za ta zama 2. In ana lissafa ruwan duk wata shida, ruwa na hawa kan ruwa, za ta zama 2.25. Duk wata, kusan 2.61. Kullum, kusan 2.71. To in kowane daƙiƙa ne fa? Sai ya gano akwai iyaka, ba za ta wuce kusan 2.718 ba. Ita ce lambar da Euler ya sa wa suna e daga baya. Kun ga, e ɗin nan da ke cikin takardunku, tambayar bashi ce ta haife ta.

Na san wani zai ce, “Malam, ni fa ba ruwana da riba.” Madalla. Amma hauhawar farashi ba ta tambayar ra'ayinka, kuma da wannan lissafin take tafiya. A 2024 ta haura kashi 30 cikin 100 a Najeriya. Raba 72 da 30: cikin ƙasa da shekara biyu da rabi, kuɗin da ka ɓoye a ƙarƙashin katifa ba za su sayi fiye da rabin abin da suke saye ba. Ko sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, ko cinikin murabaha a bankin Musulunci, ba za ka san ko sun biya ka ba sai ka iya auna kuɗin yau da na gobe.

Mu koma kan abokina. Kashi 30 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, naira 100,000 za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya, ta haura miliyan 54 a shekara biyu. Wace sana'a ce ke ba da haka? Da mun ɗauki biro na minti biyar, da kuɗinsa na nan. Wallahi har yau abin na damuna, don ni ma ina ajin, ban ce masa komai ba.

Saboda haka ƙanina, ƙanwata, in an rubuta muku wata ƙa'ida a allo, ku tambaya: wace matsalar ciniki aka so warwarewa da ita? Sannan ku gwada ta a kan adashin Mama, ko bashin manhajar waya da ake tallata muku. Duk wanda ya zo da alkawarin riba, ku ce ya ɗan jira, ku lissafa tukuna.

Ku tura wa ɗalibin da kuka san lissafi na ba shi wahala. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.