Daga Brisbane zuwa Kawo: yadda aka koyi auna maganin farfaɗiya

Idan ka taɓa shiga kemis a Kawo ka sayo wa wani naka maganin farfaɗiya, ka ga an rubuta miligiram 200 a jikin kwali. Shin wa ya tabbatar da haka? Amsar tana da tarihi, kuma da wahala aka koyi darasin.

A 1912 wani likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya ba masu farfaɗiya phenobarbital don su samu barci, sai ya lura faɗuwarsu ta ragu. A 1938 Merritt da Putnam a Amurka suka nuna amfanin phenytoin. To, matsalar phenytoin ita ce ƙanƙantar tazara tsakanin magani da guba. Ana so ya tsaya tsakanin miligiram 10 da 20 a kowace litar jini. Ya gaza, ciwo ya dawo. Ya zarce, mutum ya fara tangaɗi.

A 1968 majinyata a birnin Brisbane na Ostireliya suka fara tangaɗi da gani biyu-biyu, alhali ba a ƙara musu ko ƙwaya ɗaya ba. Da aka bincika, ashe kamfani ne ya sauya garin da ake cika kafso da shi, daga kalsiyam salfet zuwa sukarin madara. Nauyin maganin bai canza ba, amma jiki ya riƙa tsotsarsa fiye da da.

Shi ya sa ɗakin gwaji yake yin tambaya uku: nawa ne a ciki, yaya yake narkewa, kuma zai jure ajiya?

Dabarar amsa ta farko ta faro daga ganye. A 1906 Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, ya bayyana yadda ya zuba ruwan ganye cikin bututu mai garin alli, launuka suka rabu hawa-hawa. Jikanyar wannan dabara ita ce na'urar HPLC. Ana narkar da ƙwaya, famfo ya tura ruwan ta siririn bututu, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, haske ya auna shi, a kwatanta da tsantsar magani da aka san nauyinsa. Idan maganin ya fara lalacewa, burbushinsa zai fito daban.

Tambayar ajiya ce ta fi shafar mu. A wajajen 1990 hukumar magunguna ta Amurka ta gano cewa ƙwayar carbamazepine tana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta idan ta sha laima, don takan taurare ta ƙi narkewa. Yanzu ana ajiye magani wata shida a zafin digiri 40 da laima kashi 75 cikin ɗari, ana ciro samfur lokaci-lokaci ana aunawa. A Najeriya hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke sa ido, kuma tana da ɗakin gwaji a nan Kaduna.

Amma gwaji ba ya biyo ka gida. Ka tuna yadda gishiri ke jiƙewa a watan Agusta. Kada ka ɓare ƙwaya daga takardarta sai lokacin sha, kada ka ajiye ta a banɗaki ko cikin mota, ka guji wadda ake ƙirgawa a leda. In an sauya maka kamfani, ka gaya wa likita.