Digirin Saikoloji da Ɗalibin Birnin Kudu

Duk ɗalibin da ya gama sakandare a Birnin Kudu ko Gwaram ya ce ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, zai cike a fom ɗin JAMB, tambayar da zai fara sha a gida ita ce ko likitan mahaukata zai zama. Ba zai zama ba. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya gama karatun likitanci tukuna, kuma shi ke rubuta magani a asibitoci irin na Kazaure da Dawanau. Digirin farko na saikoloji shekara 4 ne na koyon yadda ake auna tunani, koyo, mantuwa da girman yaro, cike da lissafin ƙididdiga da dabarun bincike. Wanda ya gudo daga lissafi zai tarar da shi yana jiransa. Duba marasa lafiya kuwa sai bayan digiri na biyu.

Fannin bai daɗe a ƙasar nan ba. Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, amma sai 1964 Jami'ar Nsukka ta kafa sashen farko a Nijeriya. A Arewa, yawancin masu ilimi sun gamu da shi ne a kwasa-kwasan koyon malanta.

Babbar matsalar tana cikin littattafan fannin. Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin 'yan ƙasashen Yamma ne, alhali ƙasashen nan kashi 12 ne kacal na al'ummar duniya. Sikelin da aka daidaita da ɗalibin Amurka ba lallai ya auna matar Gwaram daidai ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, takardar tambayoyi za ta iya lissafa ta cikin masu sanyin ƙauna, alhali kunya ce, kuma kowa a gidan ya san haka. Haka ma wadda damuwa ta ci ƙarfinta: sau da yawa ciwon kai, zafin ƙirji da rashin barci take kai wa likita, bayan an gama ruƙiyya da rubutun sha.

Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan, ya yi irin wannan gargaɗin tun 1979 game da masana Musulmi masu haɗiye ra'ayoyin masanan Yamma irin su Freud ba tauna. Sai dai ana yawan yi masa gurguwar fahimta, domin bai ce a jefar da gwaji da ƙididdiga ba. A ganina su ne ma abin da ya fi amfani a digirin, don da su ake gane ma'aunin da ya kuskure.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci. Aiwatar da ita na buƙatar ma'aikata masu jin Hausa. Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kwalejin koyon jinya, inda ɗalibin aji huɗu zai iya neman izinin gwada takardar auna damuwa a kan masu jego kafin ya rubuta kundinsa.