Wa Zai Tambayi Alhaji Rasit?

Mu da muka daɗe a harkar ƙungiyoyin taimakon al'umma a Arewa mun gaji tsari guda: in za a kafa ƙungiya, babban mutum ake fara nema. Jama'atu Nasril Islam ta tsaya da ƙafarta a Kaduna a 1962 ne a inuwar Sardauna Ahmadu Bello, kuma har gobe Sarkin Musulmi ne shugabanta. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa suka bi sahu, kowace da ubanta. Ban raina wannan tsari ba, domin attajirin Kantin Kwari bai san takarda ba, fuskar da ya yarda da ita yake ba kuɗinsa.

Dokar kamfanoni ta 1990 ta tanadi rajistar amintattu a hukumar CAC, kuma da bankuna suka matsa sai da satifiket za a buɗe asusu, kowa ya ruga Abuja. A nan aka fara wasan. Su wa ake rubutawa? Kawun mai ƙungiya, surukinsa, limamin unguwa, sai wani tsohon babban sakatare don sunan ya yi nauyi. Ba a zama. Sakatare ne ke zagayawa da fayil bayan la'asar: "Ranka ya daɗe, nan za a sa hannu." Dattijo ya sa, ya bi da addu'a, bai buɗe shafi na biyu ba. Na san ƙungiyar da amintaccenta ya shekara da rasuwa sunansa na nan a takarda, don ba wanda ya iya gaya wa iyalansa za a cire.

Mata ne suka fara nuna mana wata hanya, ko da yake ba mu cika faɗa ba. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta sa wa kujerar Amira wa'adi, kuma Hajiya Aisha Lemu, Amirar farko, ta sauka da ranta da lafiyarta ta miƙa wa wata.

Bayan 1999 kuɗin masu ba da tallafi na waje suka shigo, na shan inna, na ƙanjamau, na karatun 'ya'ya mata, daga baya kuma na 'yan gudun hijira a Maiduguri. Su ba ruwansu da rawani. Rahoton odita suke so, da bayanin abin da aka tattauna a taro. Ana cikin haka gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Soludo, ya haɗe bankuna a 2005, daga 89 suka koma 25, ma'aikata da dama suka rasa aiki, wasunsu suka faɗo wurinmu a matsayin akantoci da manajoji. Sun kawo lissafi, wannan ba musu. Amma wanda ya saba a zo a same shi a ofis mai sanyi sai ya sha wuya kafin ya koyi cire takalmi a zauren mai unguwa, kuma da yawa ba su jure albashinmu ba. Manyan gidauniyoyi ne suka iya farautar gwanaye da gaske, kamar yadda ta Ɗangote ta ɗauko Zouera Youssoufou daga Bankin Duniya ta ba ta ragama.

Gwamnati ta gwada tata dabarar. A 2016 hukumar kula da rahoton kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta ƙayyade shekara 20 ga shugaban ƙungiyar da ba ta neman riba. A Janairun 2017, saboda wannan ƙa'ida, Fasto Adeboye ya naɗa wani ya riƙe cocinsa a Najeriya, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar, aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee. Sashe na 839 na sabuwar dokar kamfanoni ta 2020, wanda ya ba da damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙo, shi ma da tirjiya aka tarbe shi, musamman daga ƙungiyar Kiristoci ta CAN. A ganina tsoron yana da hujja: wuƙar da aka miƙa wa gwamnati, masu sukarta za ta fara yanka.

Sai dai doka ba ta taɓa inda ke mana ciwo ba. Yau muna da matasa akantoci da lauyoyi da likitoci masu son zama amintattu kyauta. Sai an zauna taro za ka ga yarinyar da ke binciken asusun manyan kamfanoni ta sunkuyar da kai, domin mai ƙungiyar sa'an mahaifinta ne, Baba take ce masa. Ta ga gibin, amma ta ina za ta fara? Abin da wasunmu ke yi yanzu shi ne a tattara tambayoyi a rubuce kafin ranar taro, ba suna, a miƙa wa odita na waje ya karanto su. Alhaji yakan ɓata rai, ya yi gyaran murya, sannan ya aika direba ya ɗauko fayil.