Husufi Biyu Cikin Kwana Goma Sha Uku: Yaushe Aka Gwabza Yaƙin Kurukshetra?

A daren jajibirin yaƙi, in ji littafin Mahabharata na Indiya, dattijo Vyasa ya zauna gaban makahon sarki Dhritarashtra yana lissafa masa alamomin bala'in da ke tafe. Cikinsu akwai wadda ta hana masana barci har yau: wata ya yi husufi, rana ma ta yi, kuma tsakaninsu kwana goma sha uku kacal. Bisa al'ada, daga cikar wata zuwa ɓuyansa kwana goma sha huɗu ne ko sha biyar. Washegari 'ya'yan wa da ƙani, Pandava da Kaurava, suka shiga yaƙin kwana 18 a filin Kurukshetra, a jihar Haryana ta yau.

Dabarar masu neman shekarar yaƙin tana da jan hankali. Husufi yana bin lissafi, kuma kwamfuta na iya mayar da sararin sama baya shekaru dubbai. Saboda haka sai a nemo shekarar da aka yi irin wannan tagwayen husufi a arewacin Indiya, a ce ga shekarar yaƙin.

An taɓa yin haka a wani wuri, an kuma dace. Assuriyawa suna da jerin shekaru, kowace da sunan wani babban jami'i. A gefen ɗaya daga cikinsu magatakarda ya rubuta cewa rana ta yi husufi a watan Simanu. Lissafi ya nuna 15 ga Yuni, 763 kafin Miladiyya, kuma a kan wannan rana aka kafa tarihin daular. Abin lura shi ne, tun kafin a taɓa lissafin an san ƙarnin, an san ƙasar, an san watan. Husufin hatimi kawai ya buga.

A Indiya kuwa amsoshin sun watse. Narahari Achar, malamin kimiyyar fiziya a Jami'ar Memphis ta Amurka, ya bi sararin da manhajar taurari ya tsaya kan 3067 kafin Miladiyya. R. N. Iyengar ya ce 1478. P. V. Vartak, da Nilesh Oak a bayansa, suka tafi har 5561, Oak yana dogara da wata alamar cikin jawabin Vyasa, cewa tauraruwa Arundhati ta wuce gaban abokinta Vasishtha. Tun kafin su, al'adar da ke bin lissafin masanin taurari Aryabhata ta ɗora yaƙin kusa da 3102 kafin Miladiyya, kuma rubutun dutse na Aihole na shekarar 634 Miladiyya ya goyi bayanta. Littafi ɗaya, sararin sama ɗaya, amma tazarar amsoshin ta haura shekara 4,000.

Dalili na farko shi ne husufi ba baƙon abu ba ne. Ana yin na rana sau biyu zuwa biyar kowace shekara, kusan 240 a ƙarni guda, kuma kowanne yana tafe da na wata mako biyu kafinsa ko bayansa. Rabin wata mai kwana goma sha uku ma yakan faɗo jefi-jefi a kalandar Indiya. Wanda ya buɗe wa kansa shekara 5,000 yana nema, ba zai dawo hannu rabbana ba.

Na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne masu ɗokin manhaja ke yawan tsallakewa. Juyawar duniya tana raguwa a hankali saboda jan da wata ke yi wa ruwan teku. Ragin ƙanƙane ne, amma yana taruwa. Masana taurarin Babila sun rubuta cikakken husufi a ranar 15 ga Afrilu, 136 kafin Miladiyya. Idan aka lissafa shi da saurin juyawar duniya na yau, inuwar takan faɗa can yammacin Bahar Rum, domin an tara giɓin fiye da awa uku. Richard Stephenson da Leslie Morrison sun gyara wannan giɓi da taimakon rubuce-rubucen Babila da na Sin, amma shaidun ba su wuce wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya ba. Daga nan zuwa baya kirdado ne. A wajen 3000 kafin Miladiyya giɓin ya kai kimanin awa 20, kuma kuskuren awa ɗaya tak yana gusar da inuwar da digiri 15, kusan kilomita 1,400 a daidai Kurukshetra. Wanda ya ga husufin 29 ga Maris, 2006 ya san siririn inuwar nan: Gusau da Katsina sun shiga duhu da rana tsaka, Maiduguri kuwa gefen rana kawai aka ci.

Sai shi kansa mai ba da shaidar. Vyasa bai tsaya kan husufi ba. A jawabin nan ya ce shanu na haihuwar jakuna, gumaka na zufa suna aman jini. Ban ga hujjar da za a ɗauki husufin a matsayin rahoton ido, a bar sauran a matsayin adon magana ba. Wannan harshen mawaƙi ne mai son nuna cewa duniya ta juya kai ƙasa, kuma ya yi shi da gwaninta.

Dubi kuma rana ta 14 ta yaƙin. Arjuna na ɓangaren Pandava ya rantse zai kashe Jayadratha na ɓangaren Kaurava kafin faɗuwar rana, sai abokinsa Krishna ya lulluɓe ranar, maƙiya suka saki jiki, haske ya dawo, kibiya ta tashi. Da yawa sun ce husufi ne. Amma Krishna ya gaya wa Karna, jarumin ɓangaren Kaurava, a fara yaƙin a ranar ɓuyan wata. In haka ne, a rana ta 14 wata na gab da cika, lokacin da husufin rana ba ya yiwuwa. Masanan Cibiyar Bhandarkar da ke Pune, waɗanda suka kwashe daga 1919 zuwa 1966 suna tace kwafe-kwafen hannu 1,259, sun fitar da labarin lulluɓe ranar daga gundarin littafin, domin sun ɗauke shi ƙarin 'yan baya. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa littafin ya ginu ne sannu a hankali, tsakanin 400 kafin Miladiyya da 400 bayanta, ta bakuna da hannaye masu yawa.

Ina girmama masu neman nan, don so ne ya kai su, kuma wasunsu ƙwararru ne a lissafi. Amma a ganina ƙasa ta fi sama ba da amsa a nan. Da B. B. Lal ya haƙa Hastinapur, birnin Kaurava, tsakanin 1950 da 1952, ya tarar da tukwane masu ruwan toka da zane, kayan ƙarfe, ƙasusuwan dawaki, da alamar ambaliyar kogin Ganga da ta cinye wani sashen garin, kamar yadda littattafan Purana suka ambata. Ya ɗora wannan zamani tsakanin 1100 da 800 kafin Miladiyya.