Gobir a taswirar Paris tun 1707

Masu yaɗa cewa duniya ba ta san Gobir ba sai da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903 su zo kusa. Tun 1707 Guillaume Delisle, gwanin zanen taswira na Faransa, ya buga taswirar ƙasashen baƙar fata, kuma ga sunan Guber a ciki tare da Cano da Cassena da Zanfara. Saura kusan shekara ɗari ke nan a yi yaƙin Tafkin Kwatto!

A ina ya samo sunan? A littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Venis a 1550. Shi ya ba da labarin shanun Gobir da shinkafarta da dukawanta masu ɗinka takalman da ake kaiwa Tumbutu da Gawo. Har gobe masana na jayayya kan ko ya tako ƙasar Hausa da ƙafarsa ko a bakin fatake ya ji. In ma ji ya yi, ai sai ƙasa ta yi suna fatake ke hirarta a zango.

Amma gwanin gwanaye a zanen taswira shi ne d'Anville. Mutumin nan a Paris ya ƙare rayuwarsa cikin takardu, bai taɓa ganin Gulbin Rima ba. Kafin shi, masu zane ba sa son fili: su cusa duwatsu da tafkunan ƙirƙira, su jawo Kwara daga tafkin Borno ta gangara yamma har ta zama kogin Sanagal. A taswirarsa ta 1749 sai ya bi ya kankare abin da ba shi da hujja, ya bar tsakiyar Afirka fari fat. Ya raba kogunan biyu, ya juya Kwara gabas, kuma sai a 1796 Mungo Park ya tsaya a Segu ya ga haka take gudu. Tafkin Cadi kuwa babu Baturen da ya ɗora ido a kansa sai 1823. A zamanin da d'Anville ke wannan aiki, Sarkin Gobir Babari na danno Zamfara, inda ya kafa Alƙalawa, wadda kufanta ke ƙasar Sabon Birni a yau.

Daga nan taswira ta koma makamin rabon ƙasa tsakanin Ingila da Faransa. A 1890 aka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa. A 1898 aka kewaye Sakkwato da da'irar mil 100. Faransawa suka koka cewa hanyarsu ta zuwa Damagaram ba rijiyoyi, aka sake layi a 1904 da 1906. Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi suna kafa alamun iyaka har Cadi: Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna ɓangaren Ingila.