Manaja: Ma'aikaci Ne Ko Ubangida?

Idan muka waiwayi tarihin ƙwadago a Nijeriya, za mu tarar akwai wani rukunin mutane da suka daɗe suna tsaka mai wuya, wato manajoji da masu duba aikin na ƙasa da su. Su dai ba su mallaki ma'aikata ba, albashi suke jira a ƙarshen wata kamar kowa, amma kuma su ne bakin mai ma'aikata idan za a tsawata wa lebura.

A zamanin Turawa matsalar ba ta fito fili ba, domin manyan kujeru nasu ne. Shi ya sa a yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ba a sha wahalar gane wa ke gefen wa ba. Da 'yan ƙasa suka gaji kujerun ne lissafi ya rikice. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta fitar da masu aikin gudanarwa daga ma'anar kalmar "ma'aikaci", ta bar su da abin da takardar ɗaukar aikinsu ta ƙunsa. A 1978 kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta tattara ƙananan ma'aikata cikin ƙungiyoyi 42 ƙarƙashin NLC, manyan ma'aikata aka ware musu nasu daban. Hujjar ita ce wai mutum ba ya bauta wa iyayengiji biyu. A ganinmu hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai mu lura cewa rabuwar ta fi yi wa mahukunta rana.

Abin da ya faru a Yulin 1994 ya ishe mu shaida. NUPENG, ƙungiyar ƙananan ma'aikatan man fetur, ta shiga yajin aiki kan soke zaɓen 12 ga Yuni, sai PENGASSAN, ta manyansu, ta mara mata baya. Nan take gidajen mai suka ƙafe, Legas ta tsaya cik. Janar Abacha bai tsaya tantance babba da ƙarami ba: ya rushe shugabancin ƙungiyoyin biyu, aka tsare Frank Kokori na NUPENG, daga bisani Milton Dabibi na PENGASSAN ya bi shi, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai 1998.

Sai a 2005, bayan gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago, manyan ma'aikata suka sami rajistar uwar ƙungiyarsu, TUC. Wanda ya sa hannu a gyaran kuwa shi ne Obasanjon da ya raba su da 'yan'uwansu shekara 27 kafin nan.