Sunayen Zamanin Tangaraho a Jikin Suwic

Suwic ɗin da ke haɗa kwamfutocin banki ko na jami'a iri biyu ne. Akwai wanda da ka soka masa waya ya kama aiki, ba ka da abin faɗa masa. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa a ba shi umarni: a raba hanyar ma'aikata da ta baƙi, a rufe wannan kafa, a ba waccan fifiko. Na biyun shi ne mai ƙofofi, kuma yawancin sunayen ƙofofin nan sun girmi na'urar nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda matasa masu koyon aikin ke haddace su kamar karatun aku, alhali kowane suna na ɗauke da bayanin yadda ƙofarsa take.

Ƙofar farko ita ce konsol. Da wannan suna ake kiran teburin da makaɗin ogan ke zama a gabansa a coci, daga baya aka ara wa teburin mai kula da manyan kwamfutocin da. Ma'anar ba ta sauya ba: wurin da hannun mutum ke kan injin kai tsaye. Shi ya sa kafar konsol ba ruwanta da adireshin IP. Ko an ɓata saiti har hanyar sadarwa ta mutu, ita tana nan, sai dai dole mutum ya taka ya je gaban na'urar. Kebul ɗinta na Cisco sananne ne, shuɗi mai haske, fale-fale, kai ɗaya RJ45, ɗaya kan DB9 mai rami tara, wanda yanzu sai an haɗa shi da adafta kafin laftof ta karɓe shi.

Kafin suwic ya yi magana, sai an saita gudun layin, galibi 9600 baud. Wanda ya sa wata lamba daban zai ga allo ya cika da tarkacen alamomi marasa kan gado, ko ya ga baƙi ƙirin, ya yi ta danna Enter yana zaton na'urar ta ƙone. Kalmar baud daga sunan mutum aka ciro ta, Émile Baudot, injiniyan Faransa da ya yi rajistar tsarinsa na tangaraho a 1874. Daga wannan zuri'a injin teletaif ya fito, wato tafireta mai aika rubutu ta waya, kuma gajeren sunansa, tty, ya ƙi mutuwa. A Linux kebul ɗin konsol yakan bayyana da sunan ttyUSB0. Manhajar PuTTY, wadda Simon Tatham ya fitar a 1999, tana ɗauke da shi a wutsiyarta. A suwic na Cisco kuwa, duk wanda ya rubuta line vty 0 4 yana shirya teletaif guda biyar ne na cikin ƙwaƙwalwar na'ura, don mutum biyar su iya shigowa daga nesa lokaci guda.

Ta waɗannan layuka Telnet ke shiga. An haife shi a 1969, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwa ta ARPANET ba su da yawa kuma sun yarda da juna, don haka yake aika komai a fili, har da kalmar sirri. A 1995 wani mai bincike a Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH bayan an yi satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu. Sunan na nufin kwasfa mai tsaro, domin kwasfa ake kiran manhajar da ke karɓar umarni a Unix, tunda ita ta lulluɓe ƙwayar tsarin. Lambar ƙofar SSH 22 ce, ta Telnet 23. Shafin burawuza da ƙananan suwic ke zuwa da shi sabon shiga ne, ba shi da wani dogon tarihi.

Sunan da na fi ƙi yana cikin SNMP, tsarin da aka fitar a 1988 don leƙen lafiyar na'urori daga nesa. Akwai wani gurbi a cikinsa da aka raɗa wa community, wato al'umma. Mai koyo ya ji wannan sai ya ɗauka laƙabin rukuni ne, ya wuce. Alhali kalmar sirri ce, kuma na'urori da dama sun fito daga masana'anta da public a matsayin ta karantawa, private a matsayin ta sauya saiti. A siga ta 1 da ta 2c a fili take tafiya, kamar ta Telnet. Sai a siga ta 3 aka kawo sunan mai shiga da ɓoye saƙo, kuma duk suwic ɗin da ke iya ɗaukarta, ita ya kamata a kunna masa, a goge tsofaffin kalmomin nan biyu tun ranar da aka fito da shi daga kwali.